"Ɗan baƙin ciki": me muke nufi idan muka jefi mutum da wannan kalma?

Idan mutum ya ce "ina cikin baƙin ciki", tausayinsa ake ji. A tambaye shi ko lafiya, a ce Allah ya ba da haƙuri, wani ma ya zauna ya taya shi jimami. Amma da zarar an ce "wane yana yi wa ƙaninsa baƙin ciki", sai fuskokin masu sauraro su sauya. Wanda ake tausayi ɗazu ya koma wanda ake neman tsari da shi. Kalmomin ba su canza ba, ɗan ƙaramin "wa" ɗin nan ne ya shiga tsakani, ya ɗauke baƙin cikin daga kan musiba ya ɗora shi a kan mutum.

Abin ya fi fitowa fili idan aka gwada shi da kishiyarsa. "Na yi maka farin ciki" magana ce mai daɗi, kowa na son a faɗa masa ita ranar suna ko ranar tarewa a sabon gida. Bisa ƙiyasi, da sai "na yi maka baƙin ciki" ta zama jaje. Amma je ka gidan makoki ka saurara, ba za ka cika jin ta ba. Abin da ake cewa shi ne "na taya ka baƙin ciki", ko "ya muka ji da haƙuri", ko "ashe abin da ya faru ke nan". Kunnen Bahaushe ya riga ya san cewa yi wa mutum baƙin ciki ya karkata ga wata ma'ana, shi ya sa ake kauce masa ko da zuciya ɗaya za a faɗa.

Bahaushe a ciki ya ajiye sirrin mutum. Mai ɓoye damuwarsa ana ce masa mai zurfin ciki. Idan ana son jin abin da mutum ke ƙunshe da shi sai a bugi cikinsa. Waɗanda ke gaisawa alhali akwai jiƙaƙƙiya tsakaninsu, ana cewa ta ciki na ciki. Mai gaskiya kuwa an ba shi tabbacin cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Sai aka zo da fari da baƙi aka raba abin da ke cikin gida biyu, kamar yadda aka yi a farin jini da baƙin jini, da farar aniya da baƙar aniya. Saboda haka asalin baƙin ciki ɓacin rai ne kawai, ko mene ne sanadinsa.

To me ya haɗa ɓacin rai da mugun nufi har suka yi tarayya a suna ɗaya? A ganina a nan ne hikimar kalmar take. Wanda ke yi wa wani baƙin ciki da gaske ransa a ɓace yake. Ba kwaikwayo yake yi ba. Labarin cewa maƙwabcinsa ya sami aiki yana sauka masa yadda labarin asara ke sauka wa wani: abinci ya fita daga ransa, barci ya ƙaurace masa, ya yi ta juyi. Bambancinsa da mai makoki shi ne abin da ya ɓata masa rai alheri ne da ya sami wani. Malamai idan suna bayanin hassada sukan ce rukuni biyu gare ta: ƙin ni'imar da Allah ya yi wa wani, da kuma fatan gushewarta. Hausa ta kama abin tun daga tushe, tun yana ciwo a ciki kafin ya kai ga fata ko aiki.

Ita hassada kalmar aro ce daga Larabci, kuma da rigar addini ta shigo. Yaron da ke makarantar allo tun yana ƙananan surori yake haɗuwa da ita a ƙarshen Falaƙi, inda ake neman tsari daga sharrin mai hassada idan ya yi hassada. Idan ya girma ya zauna gaban malamin zaure ya buɗe littafin fiƙihu na Ahalari, tun a shafukan farko zai tarar da ita cikin jerin abubuwan da aka haramta wa baligi, tana tsakanin riya da jiyarwa da ƙiyayya. Shi ya sa nauyinsu ya bambanta a baki. Hassada ta mumbari ce da wa'azi da karin magana, irin su hassada ga mai rabo taki ce. Baƙin ciki na tsakar gida ne da bakin kasuwa da sharhin Facebook. Idan aka ce maka mahassadi an ɗora maka zunubi. Idan aka ce maka ɗan baƙin ciki an ɗora maka zunubin, an kuma haɗa da raini, domin cikin maganar akwai cewa an fi ka, kuma fin ne ke cin ka.

Akwai dangin kalmar da yawa, kuma cakuɗa su da muke yi yana sa mu yi wa mutane hukuncin da bai dace da su ba. Ƙiyayya ba ta buƙatar ni'ima. Ana iya ƙin wanda bai ajiye ba bai ba wani ajiya ba. Baƙin ciki kuwa sai da ni'ima, babu mai yi wa wanda shagonsa ya ƙone baƙin ciki. Gaba a fili take, an daina gaisawa, kowa a unguwa ya sani, shi ya sa ake iya shiga tsakani a tunatar da hadisin da ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana 3. Ɗan baƙin ciki ba ya gaba. Yana zuwa walimarka, ya ci, ya yi addu'a da ƙarfi. Ƙullaci yana da dalili, an yi wa mutum wani abu ya riƙe a ransa, kuma sau da yawa ban haƙuri na warware shi. Wanda ke yi maka baƙin ciki ba ka da abin da za ka ba shi haƙuri a kai, tunda laifinka samunka ne.

Ƙyashi shi ne ya fi kusa, har a wurare da dama ana musanya su. A fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa da shi aka yi amfani a dokar da ta hana sa ido kan gidan maƙwabci da abin da ya mallaka. Sai dai ƙyashi yana da wani reshe da baƙin ciki ba shi da shi, domin mutum kan yi ƙyashin abin hannunsa: yana da shi, ya kamata ya bayar, amma yana ganin ƙyashin ya fita zuwa ga wani. A nan ya fi kusa da rowa.

Ƙeta kuma aiki ce. Ɗan ƙeta shi ne zai ga ka shanya hatsi ya kora awaki ta wajen, ko ya ji ana binciken aure a kan yarinya ya je ya tsegunta abin da bai tabbatar ba, ba don yana son ta ba, ba don zai ƙaru da komai ba. Sau da yawa baƙin ciki ne ke haifar ta, kuma idan ya kai nan ne ake jin "a fasa kowa ya rasa". Magabata sun fi yi wa wannan mataki kashedi, su ne suka ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere.

Wanda ya fi shan zalunci a wannan cakuɗa shi ne kishi. Kishi a kan abin da mutum yake da haƙƙi a kai ake yin sa, ko yake ganin yana da shi. Matar da aka yi wa abokiyar zama tana kishi ne a kan mijinta, da kwananta, da matsayinta a gidan. Wannan ɗabi'a ce, har aka ce kishi kumallon mata. Kuma kalmar tana da fuska mai kyau: muna yabon mai kishin ƙasa, mai kishin addini, mai kishin zuci da ba ya son zaman banza. Ba a taɓa yabon kowa da baƙin ciki ko hassada. Inda kishi ke rikiɗa shi ne lokacin da mace ta daina damuwa da nata kason ta koma damuwa da na waccan. An yi musu ɗinki iri ɗaya, an ba kowa kuɗin cefane daidai, amma ranar da ɗan ɗakin can ya ci jarrabawa sai ta kwana da ciwon kai. Daga nan ba miji ake yi wa kishi ba kuma. Abin takaicin shi ne wannan ba ya tsayawa kan iyaye mata, yakan gangara ga 'ya'ya ya zama 'yan ubanci, a wayi gari mutum biyu da suka fito daga tsatso ɗaya kowanne na jin zafin ɗaukakar ɗan'uwansa har tsufa.

Akwai kuma wani abu da ke kama da baƙin ciki alhali halal ne. Ka ga abokinka ya gina gida, ka ji a ranka kai ma kana so, ba tare da kana fatan nasa ya rushe ba. Malamai na kiransa gibɗa, kuma da shi suka fassara hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa babu hassada sai a abu biyu: mutumin da Allah ya ba dukiya yana kashe ta a kan gaskiya, da wanda ya ba hikima yana hukunci da ita yana koyar da ita. Mu a baki mukan ce "ya ba ni sha'awa", ko "Allah ya maimaita mana", ko mu ce wa ango "Allah ya sa mu a danshinku". Matasa da yawa na tsarguwa idan suka ji wannan motsi a ransu, suna zaton sun faɗa hassada. Ba su faɗa ba, muddin samun nasu suke roƙo.

Wa ake yi wa baƙin ciki? Na kusa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya yi dogon bayani kan wannan a littafinsa Ihya'u, inda ya nuna cewa hassada ta fi yawa tsakanin tsararraki da 'yan'uwa da masu sana'a ɗaya: malami malami yake yi wa, ɗan kasuwa ɗan kasuwa, baduku ba ya damuwa da mai sayar da tufa sai da baduku ɗan'uwansa. Haka abin yake har gobe. Mai shago a unguwa ba ya rasa barci saboda dukiyar Ɗangote. Wanda ke hana shi barci shi ne yaron da ya gama yi masa hidima shekaran jiya, yau ya buɗe nasa shagon a tsallaken titi har da firiji biyu. Ƙissoshin da muka taso da su ma a cikin gida suka faru. Na 'ya'yan Annabi Adamu biyu, da ya zo a Suratul Ma'ida, an karɓi baikon ɗaya ba a karɓi na ɗayan ba, wanda ba a karɓi nasa ba ya kashe ɗan'uwansa. Na Annabi Yusufu kuwa 'yan uba ne suka ce shi da ɗan'uwansa sun fi su soyuwa a wurin mahaifinsu, kuma tun kafin su furta haka Annabi Yaƙubu ya riga ya gargaɗe shi kada ya ba su labarin mafarkinsa.

Da yake ɗan baƙin ciki ba ya bayyana kansa, a harshensa ake tsintarsa. Ku duba majalisar da aka kawo labarin cewa wane ya sayi mota. Mafi yawa za su ce masha Allah, Allah ya tsare, Allah ya kashe tsautsayi. Sai ɗaya ya yi ɗan shiru, ya gyara zama, ya ce, "To, Allah dai ya sa ta halal ce." Ba shi da labarin komai game da kuɗin, bai kuma ce na haram ba ne, amma ya jefa ƙwayar zargi ya koma gefe. Wani zai ce, "Yaushe aka yi daren har gari ya waye?" Wani ya tuno wa jama'a asali: "Ai tare muka yi tallan ruwa." A wurin ganin lefe ma haka ne. Ana buɗe akwatuna ana guɗa, sai wata ta ɗaga atamfa ta murza bakinta da yatsa biyu, ta ajiye, ta ce wa ta kusa da ita a hankali, "Wannan ai an daina yayinta." Duk kayan da ke gabanta ba ta ga ko ɗaya ba sai wannan. Alamar da ta fi kowace tabbata a wurina ita ce wannan: ranar da motar ta yi karo, ko auren ya mutu, shi ne zai riga kowa kai labari, kuma muryarsa a sake take.

Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya taɓa ɗanɗana sharrin irin waɗannan mutane ba ya buƙatar a tabbatar masa. Amma abin da ya fi damuna a yau shi ne ɗaya ɓangaren, yadda kalmar ta zama garkuwa a hannun duk wanda ba ya son a tambaye shi.

An ba mutum kwangilar gyaran ajin makaranta, damina ɗaya rufin ya yaye. Wani ya ɗauki hoto ya sa a intanet yana tambaya. Kafin la'asar magoya baya sun cika wurin: 'yan baƙin ciki sai dai ku mutu, hassada ga mai rabo taki, zakaran da Allah ya nufa da cara ana muzuru ana shaho sai ya yi. Babu wanda ya ce uffan game da rufin. Mai wa'azi ya kawo hadisin da ba shi da asali, wani malami ya yi masa gyara da hujja, sai almajirai su ce ɗaukakar da Allah ya yi masa ce ta tsone wa wancan ido. Magada sun nemi babban wa ya kawo lissafin gidajen haya da yake karɓa tun rasuwar mahaifinsu, sai ya shiga dangi yana cewa ƙannensa baƙin ciki suke yi masa don ya fi su. Ƙanwar da ke zawarci da yara huɗu, wadda haƙƙinta kawai take nema, ita ce za ta koma tana rantse-rantsen cewa ba ta nufe shi da sharri ba.

Dalilin da ya sa wannan makami ke ci shi ne zargi ne a kan zuciya, kuma babu mai iya buɗe cikinsa ya nuna wa jama'a fari ne. Da zarar an jefe ka da shi, magana ta tashi daga kan abin da ka faɗa ta koma kan dalilin da ya sa ka faɗa. Kuma dabarar tsohuwa ce. A Suratul Fathi, aya ta 15, an ba da labarin waɗanda suka noƙe suka ƙi fita tare da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a tafiyar Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan hijira. Da suka hango ganimar da ke gaba, wadda malaman tafsiri suka ce ta Haibara ce, sai suka nemi a tafi da su. Aka ce ba za su bi ba, haka Allah ya hukunta. Amsar da Alƙur'ani ya ce za su bayar ita ce: a'a, hassada dai kuke yi mana. Mutanen da aka hana abu bisa laifinsu, suka juya suka kira masu gaskiya mahassada.

Gazalin da ya yi ta kashedi kan hassada shi da kansa ya cire wani abu daga cikinta: ni'imar da ke hannun fajiri yana amfani da ita wajen tayar da fitina da cutar da mutane, ƙin ta ba laifi ba ne, domin ɓarnar ake ƙi. Balle kuma abin da tun farko ba ni'imar mutum ba ce, haƙƙin jama'a ne ko na marayu ya danne. Wanda ya ce a dawo da shi ba fatan gushewar arzikin kowa yake yi ba.

A cikin gida illar ta fi muni, don a can ba a iya toshe mutum kamar yadda ake yi a waya. Ciniki ya ja baya, ko yarinya ta daɗe ba miji, ko yaro ya kwanta ciwo, sai a fara lissafin wanda bai yi murna sosai ba ranar biki. Idan aka yi rashin sa'a aka je wurin boka ko wani mai duba, amsar kusan kullum guda ce: a cikin danginku ne, wata ce baƙa doguwa, kuna ci tare. Ba ya kama suna, ya bar wa zuciya ta cike sauran. Daga ranar an daina cin abincin gidan goggo, an hana yara shiga ɗakin facala, zumuncin shekara da shekaru ya yanke a kan zato, alhali Suratul Hujurati ta ce a nisanci da yawa daga zato domin sashensa zunubi ne. Sau da yawa kuma ciwon da ake ɗora wa dangi na asibiti ne, ana can ana neman mai baƙin ciki lokacin magani yana wucewa.

Kambun baka ma ana yawan cusa shi a nan, alhali ba lallai ya fito daga maƙiyi ba. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo labarin Amiru ɗan Rabi'a da ya ga Sahlu ɗan Hunaifu yana wanka ya yaba kyan fatarsa, nan take Sahlu ya faɗi. Dukansu sahabbai ne. Annabi ya yi wa Amiru faɗa, ya tambaye shi me ya hana shi sa albarka, ya umarce shi ya yi wanka a zuba wa Sahlu ruwan, ya kuwa warke. Ba a haɗa su gaba ba, ba a kuma yi wa Amiru tambarin mugu ba. Abin da ya sa iyayenmu ke cewa "tubarkalla" idan sun ga jariri mai ƙiba ke nan, ko da nasu ne.

Saboda haka kafin in yarda cewa wane ɗan baƙin ciki ne, nakan so in ji abin da yake nema. Idan maƙwabcinka ya zo ya ce tun da ka ɗora bene ruwan indararonka a tsakar gidansa yake zuba, akwai abin da za a je a gani da ido, akwai kuma gyaran da idan an yi maganarsa ta ƙare. Wanda benen ne kansa ke ci masa rai, ko ka juya indararon gobe zai dawo da maganar taga, jibi ta inuwa, don babu gyaran da zai gamsar da shi sai rushewa. Kuma yana yiwuwa mutum ɗaya ya haɗa biyun, yana jin zafin benen, ruwan kuma da gaske yana shiga gidansa. A irin wannan hali abin da ke cikinsa tsakaninsa da Allah ne, kai kuma sai ka kira magini ya juya indararon.